Basilla da Gefen Rigar Malam

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, ya kuma yanka wa kowa rabonsa.

Kwali ne ya tayar mini da wannan magana. Kwanakin baya jikana, wanda ke ɗaukar fasinja a babur tsakanin Illo da bakin iyaka, ya shigo gida da kwalin taliya ɗaure a bayan babur, an hudhuda shi, wani abu yana kuka a ciki. Da ya buɗe sai ga ɗan kwikwiyo mai gashi buzu-buzu, bai cika tafin hannu biyu ba. Ya ce irin na Turawa ne, wani direban babbar mota ya kawo su daga Kwatano. Na tambaye shi ina uwarsa. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina uwar babur ɗin. Ba a jima ba haƙora suka fito wa abin, ya shiga kama duk abin da ya motsa: silifas, gefen zane, yatsun yara. Su kuma suna zabga masa wayar caja, yana kuka, ya huce, ya dawo ya kama fiye da na farko. Ɗana, uban yaron, ya ce in ya sake jin wani yaro ya yi ƙara, a fitar da abin nan daga gidan. Ina zaune a kan buzuna ina jin wannan duka, sai wani kwikwiyo dabam ya faɗo mini a rai, da wani gida, da mutanen da duk sun riga mu.

Lokacin da nake saurayi, ƙauyenmu na tsakanin Illo da Lolo, daji ya rungume shi ta gabas da kudu, ta ɗaya gefen kuma fadama ce shimfiɗe har bakin gulbi. Idan damina ta yi nisa, abin da kunne ke fara ji bayan kiran asuba shi ne gwangwanayen da aka rataya a gonaki suna karo da juna, sai ihun masu gadi daga wannan rumfa zuwa waccan, sai haushin karnuka yana tafiya yana dawowa a bakin daji. Birai ne abokan gabanmu. Sukan sauko garke guda, babbansu ya hau itace yana duba hanya, sauran su shiga masara, su ɓare wannan su gatsa su yar, su ɓare waccan. Kafin ka ɗora dutse a majajjawa sun gama da kunya biyar. Saboda haka duk mai gona a bakin daji yana da kare, kuma ba abin ado ba ne, ma'aikaci ne kamar jaki. Yanzu dajin ya zama gawayi, birai sun yi ƙaura, karnukan da nake gani a garin Bagudo suna cikin keji ko a ƙarshen sarƙa, suna yi wa masu wucewa haushi daga safe har dare don ba su da abin yi.

Mahaifina malami ne, shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, kuma dukanmu har da uwarmu Malam muke ce masa. Shi ya karantar da mu cewa an yarda mutum ya ajiye kare don gona, ko kiwo, ko farauta. A gidanmu kare ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga zaure, kaskonsa dabam yake a bayan rumbu. In ya sa baki a ƙwarya, a zubar da abin ciki a yi mata wanki bakwai. Amma kuma ba a barinsa da yunwa, ba a jifansa don nishaɗi. Malam yakan ce duk dabbar da ka ajiye a ƙarƙashinka, ranar gobe za a tambaye ka ita. Akwai kuma wata ƙa'ida wadda ba a littafi take ba, ta gari ce, kowa ya tashi ya tarar da ita: karen da ya fitar da jinin ɗan gida ba ya zama a gidan. Lolo ake kai shi ranar kasuwa, inda wasu baƙi ke zuwa da kejin itace suna sayen karnuka. Ba mai tambayar inda suke kai su, don kowa ya sani.

A shekarar da nake magana a kai, Malam ya yanka mini gayauna ta kaina a ƙarshen gandu, wajen da ke fuskantar daji. Ita ce gona ta farko da zan ce tawa ce. Na shuka masara. Tsohon karenmu kuwa ya mutu da rani, ba mu da wani. Babban wana, wanda nake ce wa Yaya, yana fataucin kanwa da gishiri zuwa tsallaken iyaka, ƙasar da a lokacin muke kira ƙasar Faransa. Can dangin uwarmu suke, mutanen Dandi, kuma karyar kawunmu ta haihu. Ran nan Yaya ya dawo da yamma, ya sa hannu a aljihun riga, ya zaro wani baƙin abu kamar ƙullin gawayi ya ɗora mini a cinya.

"Ungo, ga sojan gonarka."

Inna ta leƙo daga wajen murhu. "Kai, wanga ko ido bai gama buɗewa ba. Mi ya hana ka bari uwar ta yaye shi?"

"Inna, sha'anin kare ba naku ba ne," in ji Yaya. "In ya daɗe wurin uwa zuciyarsa mutuwa take yi. Tun bai san kowa ba ake ɗauko shi, sai ya tashi bai san tsoro ba."

Ba Yaya kaɗai ba, haka duk samarin lokacin suka yarda. Suna da hanyarsu ta yin kare mai zafi. A nemo gidan rina da 'ya'yan a ciki, a daka, a zuba masa a kunu, wai zafin harbin zai shiga jininsa. Sa'an nan a naɗe hannu da tsumma a dinga tsokanarsa, in ya kama a ɗaga shi sama yana lilo, ana tafi ana yi masa kirari. Ni nawa shi ne nonon akuya da nake ɗiga masa da tsinken tsumma, da kwanciyar da yake yi a kan ƙafata in ina rubutu a ƙofar zaure. Yaya kuma kullum ya dawo daga kasuwa sai ya naɗe hannu ya tsuguna.

Inna ce ta raɗa masa suna. Tana daka, diddigenta na ɗagawa yana sauka, ya lallaɓo ya kama. Ta saki taɓarya ta ce, "Wayyo! Wanga ba haƙori ba ne, basilla ce!" Tana nufin babbar allurar nan da dukawa ke ɗinkin fata da ita. Daga ranar ya zama Basilla. Kuma ya cika sunan. Baƙin Malam su tuɓe takalma a ƙofar zaure, su fito su tarar ɗaya babu maɗauri. Alƙaluman da na feƙe na shanya, ya mai da su tsinken sakace. Kunnen ɗan akuya, wutsiyar zakara, igiyar guga, babu wanda ya tsira. Hannuwana kuwa duk zane ne kamar na shiga sarƙaƙiya. Wata rana Malam ya karɓi abin da nake kwafa, ya duba, ya ce, "Mi ya sami baƙaƙenka suke rawa?" Na ce alƙalamin ne. Ya dubi hannuna, ya miƙo mini takardata.

Da abin ya ishi mutanen gida, Yaya ya juya salo. Wanda jiya yake tafa masa in ya kama, yau shi ke ɗalle masa hanci, ya matse masa baki har ya yi fitsari. Abin da na lura shi ne, tun da aka fara haka Basilla ya daina yarda da hannu. Da, in ka miƙo hannu wasa yake gani. Yanzu in ya ga hannu na zuwa sai ya riga shi.

'Yar Yaya ce ta jawo ƙarshen maganar, yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tana tsakar gida da guntun dafaffen rogo, tana ɗaga shi sama tana dariya, Basilla ya yi tsalle ya haɗa da rogon da hannun. Ba wani rami mai zurfi ba ne, amma jini ya fito, uwarta ta kwarma ihu, Malam ya fito daga zaure. Ya sa aka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Ya tambaye ni ko karen na dalalar da yawu, ko yana gudun ruwa. Na ce a'a. Ya ce, "To, ba hauka ba ne, alhamdu lillahi. Amma ka san ƙa'ida. Lolo."

Na durƙusa. Ban taɓa mayar wa Malam magana ba sai ranar, ita ma kaina na ƙasa. Na ce yaro ne, bai san abin da yake yi ba. Na ce ba ni da wani karen, ga masara ta kai gwiwa. Yaya, wanda shi ya kawo shi, shi ya ba shi rina, ya ce da za a bi tasa yau ma sai a kai shi. Malam ya ja gemu, ya ce, "Birai ba su sauka sai masara ta yi goyo. Na ba ka zuwa ranar. In ta zo shina sa haƙori a jikin mutum ko a tufarsa, kai da hannunka za ka ja shi kasuwa."

Da yamma ina zaune kusa da murhu na rasa ta inda zan fara, Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mayar da shi inda aka ɗauko shi. Tafi wurin tsohuwa."

Washegari na sa shi a kwando na kama hanya. A wancan zamani iyaka ba ta da ƙofa. Ka bi ta gefen fadama, ka wuce tsamiyar da kowa ya san daga nan an shiga ƙasar Faransa, mai kwalekwale ya ƙetarar da kai wani rafi, shi ke nan. Ba mai tambayar takarda, sai dai a tambaye ka lafiyar mutanen gida. Na isa bayan azahar na tarar da kakata ta wajen uwa tana tsince shinkafa a faifai. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, Hausarta gauraye da Dandanci, kuma tsakanina da ita sai wasan jika da kaka.

"A'a! Fofo, fofo, sannu da zuwa! Yau mijina ne a gari? Mi ka kawo mini, atamfa ko goro?"

"Kare na kawo miki."

"Awo. Daman na san sadakina a hannunka ba zai wuce haka ba."

Na ba ta labari tun daga aljihun Yaya har zuwa hannun yarinya. Ta ajiye faifai, ta ɗauki Basilla, ta buɗe bakinsa da babban yatsa tana danna dasashinsa. Ya kuwa datse. Sai na ji tsohuwar nan ta saki wata 'yar ƙara siririya, "Kyai!", irin wadda kwikwiyo ke yi in an taka shi. Ta ajiye shi, ta cusa hannuwanta a hammata, ta juya masa baya. Basilla ya tsaya cak, kunnuwa a tsaye, yana kallon bayanta. Tun da yake, ba a taɓa yi masa haka ba. Ko a yi masa tafi, ko a buge shi.

Ta juyo ta ce, "Ba mugu ba ne. Jahili ne. Wanda ya ɗauko shi kuma ya fi shi."

Karyar kawu na ƙarƙashin rumbu da sauran 'ya'yanta, sun yi ɓul-ɓul. Kaka ta ce akwai hatsari, don ta yiwu uwar ta manta shi, in ta ƙi shi kuwa ba mai tilasta mata. Ta ɗebo ƙasar makwancinsu da ɗan karan da suke birgima a kai, ta goge shi da su tun daga kai har wutsiya, sa'an nan ta tura shi. Karyar ta taso tana gurnani ƙasa-ƙasa. Ta shinshina shi ta gaba, ta shinshina ta baya, ta daɗe tana yi. Can ta yi atishawa ta koma ta kwanta.

Bai ɓata lokaci ba ya daka tsalle ya kama kunnen wata 'yar'uwarsa da duk ƙarfinsa, yadda ya saba kama tsumman Yaya. Ta tsala irin ƙarar da Kaka ta yi. Nan take wasa ya mutu, kowa ya watse, aka bar shi shi kaɗai a tsakiya yana kaɗa wutsiya. Ya bi wani, ya ƙara kamawa, aka sake watsewa. Da ya gaji ya nufi nonon uwar da haƙora, ta miƙe ta bar masa wurin. Ya bi ta ya kama wutsiya. Sai ta juyo, ta haɗa fuskarsa duka a cikin bakinta, ta danna shi ƙasa. Na zabura zan tashi, Kaka ta riƙe mini riga.

"Zauna. Karatu ake."

Karyar ta riƙe shi har ya daina shure-shure, ta sake shi, ta lashe masa ido. Na duba, ko ƙwarzane babu.

Kaka ta ce da ni, tana ci gaba da tsintar shinkafarta, kwikwiyo ba shi da hannu, da baki yake taɓa duniya, kuma dasashinsa na yi masa ƙaiƙayi kamar na jariri mai fitar da haƙori. Ta ce ba kamun za a hana shi ba, nauyin bakinsa za a sanar da shi, kuma wannan 'yan'uwansa ne ke sanar da shi, don duk sa'ad da ya danna da ƙarfi sai ya rasa abokin wasa. Shi ya sa a wurinsu ba a ba da kwikwiyo sai uwar ta fara korarsa da kanta. Na tambaye ta maganar rina. Ta ce, "Wan naka ya sha ita da kansa mu ga ko zai fara haushi."

Na zauna a can ina taya kawu cire ciyawar shinkafa, raina rabi a gona rabi a ƙarƙashin rumbu. Kullum na dawo sai in tarar ƙarar ta ragu. Har aka kai ga ina ganin su suna kokawa, bakinsa a wuyan ɗan'uwansa, ba mai kuka. Amma duk wanda ya zo daga wajenmu sai in tambaye shi ina masara ta kai, aka ce mini ta wuce kafaɗa. Ranar da zan tafi Kaka ta ba ni guntun ƙirgi, busasshiyar fatar sa, ta ce in dinga jiƙa shi, duk sa'ad da na ga bakinsa na neman abin kamawa in miƙa masa, hannu kuwa kada a sake mai da shi abin wasa. Ta ce in tafi da shi gona kullum ya dawo a gajiye. In ya sa haƙori a jikin mutum, a yi ƙara, a ɓoye hannu, a juya baya, har sai ya natsu.

"Amma fa duk gidan," in ji ta. "In mutum ɗaya ya ƙi, wurin wannan ɗayan zai dinga zuwa."

"Har Malam?"

"Kare ya san rawani ne? Ka ce masa ina gaishe shi. Ka ce surukarsa ta ce, shi da ke karantarwa ya sani, ba a hukunta ɗalibi a kan darasin da malamin ya ƙi biya masa. Ka ce ni na faɗa, ba kai ba."

Na isar da saƙon a zaure. Malam ya sunkuyar da kai yadda yakan yi duk sa'ad da aka ambaci surukarsa. Ya ce, "Ina amsawa." Ya koma kan littafinsa.

Mutanen gida kuwa suka karɓi abin kamar wasan sallah. Ƙannena mata har nema suke ya kama su don su yi ƙarar. Inna ta fi kowa iyawa. Matar Yaya da farko ta ƙi, daga baya ta ga 'yarta ma na yi, ta bi sahu. Yaya ya ce shi ba zai mai da kansa kare ba, amma ya daina naɗe hannu, kuma yawanci ba ya gida. Maƙwabta suka samu abin yi. Kana zaune sai ka ji ta bayan danga, "Mutanen gidan Malam, yau kuma wa aka taka wa wutsiya?" Muka jure. Kuma abin ya ci. Basilla ya koma in ya kama yatsana sai in ji ɗumin bakinsa kawai. In wasa ya ɗebe shi ya ɗan danna, ƙara ɗaya ta isa, ya saki ya zauna yana kallona.

Mutum ɗaya ya rage, kamar yadda tsohuwa ta faɗa. Malam yakan fito alwala a ƙofar zaure da babbar riga tana share ƙasa, ita kuwa rigar nan a idon Basilla babu abin da ya fi ta. Ya kama gefe, Malam ya fizge, ya kaɗa rigar, ya ɗaga sanda yana "Kai! Tafi can!" Shi kuma ya yi baya, ya zagayo, ya sake kamawa, wutsiya kamar za ta cire. Duk gidan an daina wasan ja da shi, saura Malam, wanda bai san wasa yake yi ba. Inna ta gaji da ɗinke gefen riga. Na gwada ɗaure Basilla lokutan salla, Malam ya ce in sake shi, ba za a kai gona da kare a ɗaure ba, abin da yake yi a sake shi ne halinsa. Na ce, cikin ladabi, ko Malam zai gwada abin da tsohuwa ta ce. Ya ce, "Ni da ke tsayawa gaban mutane sau biyar a yini? Tashi ka ba ni wuri."

Masara ta yi goyo. Ranar jajibirin kasuwa Malam ya dawo daga gandu da hantsi ya ce, "Na biya ta gayaunarka, na gani. Gobe Lolo." Na ce to. Na ɗebo rama na zauna a ƙofar zaure ina tufka igiyar da zan ja shi da ita, shi kuma yana kwance kusa da ƙafata yana tauna ƙirginsa.

Azahar ta yi. Mutane suka fara taruwa a inuwar masallaci, wanda ke daura da ƙofarmu, har da Ladan, tsohon abokin Malam tun suna yara, mutumin da ba ya barin magana ta wuce shi. Malam ya fito, ya jingine sanda a bango, ya ɗauki butar da ta wuni a rana, ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki. Iska ta ɗan motsa gefen rigar. Kafin in miƙa hannu Basilla ya isa. Malam ya kai hannu zai janye rigar, sai bakin ya bar riga ya kama wuyan hannun.

Kowa ya gani. Hirar masallaci ta tsaya. Sandar na nan inda hannunsa na hagu zai kai. Malam ya dubi sandar. Ya dube ni, da igiyar da ke cinyata. Ya dubi ɗan baƙin abin da ke riƙe da hannunsa yana kaɗa wutsiya. Sai na ji ta, siririya, gajera, kamar ta fito daga wani wuri dabam:

"Kyai."

Ya zare hannu, ya cusa duka biyun a hammata, ya juya fuskarsa ga bango, da rawani da gemu da kome.

Basilla ya saki baki. Ya ja da baya, ya zauna, kunnuwa suka kwanta. Ya dubi bayan Malam, ya dube ni. Iska ta sake motsa rigar a gaban hancinsa, ya bi ta da ido, bai taɓa ba. Can ya sa haɓarsa a ƙasa.

Ladan ya yi gyaran murya. "Malam, lafiya? Kamar na ji wani sauti."

Malam ya juyo, ya duba wuyan hannunsa, babu kome sai danshi. Ya ce, "Ruwan ne da sanyi."

"A butar da ta wuni cikin rana?"

"Ladan, lokaci na wucewa. Je ka yi kira."

Ya wanke wurin, ya sake alwalarsa daga farko, a natse, kamar ba abin da ya faru. Da ya miƙe zai wuce ta gabana, ya tsaya ya dubi abin da nake tufkawa. Ya ce, "Igiyar ta yi kyau. Kai wa uwarka, akuyarta na bukata."

Ba a sake maganar Lolo a gidanmu ba. Malam ya ci gaba da yin abin nan duk sa'ad da ya ga ba kowa, Inna kuwa tana jin sa ta bayan danga tana cusa mayafi a baki. Ba a daɗe ba rigar ta huta. A damina ta farko Basilla bai iya kome ba sai haushi, amma haushin ya isa ya tashe ni a rumfa tun birai na kan itace, na kuwa cika ɗan rumbuna. Daga baya ya zama karen da babban biri ke gani ya canza hanya, alhali yarinyar da ya taɓa fitar wa jini tana ba shi tuwo da yatsunta, ya karɓa haƙori bai taɓa ta ba. Yaya har ya rasu yana cewa rinar ce ta yi aiki. Da Basilla ya tsufa ya mutu, a gefen gayaunar na haƙa masa rami.

Wannan duka na ba jikana labari. Ya ce to shi ina zai ga uwar nasa kwikwiyon, direban ma bai san daga gidan da aka ɗauko su ba, tsamiyar da nake faɗa kuwa yanzu shinge ne da masu kaki. Gaskiyarsa. Amma akwai maƙwabciyarmu, 'yar kudu mai shagon magani, Kirista, mun daɗe tare, Madam muke ce mata, tsohuwar karyarta na da 'ya'ya. Na taka da kaina na roƙe ta. Ta yi dariya har tana dafa ƙofa, ta ce, "Baba, kawo shi makaranta. Amma a fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura." Aka yi. Na sa aka karɓo guntun ƙirgi wurin mahauta, wayar caja ta koma aikinta, na tara yaran gida na nuna musu abin da za su yi. Ɗana ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Shekaranjiya da azahar, a tsakiyar bazarar nan da ko ƙadangare ke neman inuwa, na tsuguna da buta a ƙofar ɗaki. Ban ji zuwansa ba, sai na ji an ja gefen rigata, daga nan aka kama mini yatsa. Jikokina na zaune a baranda, surukata na tankaɗe, ɗana ya shigo ke nan daga kasuwa. Sandata na jingine a bango.

Na yi abin da ya kamata. Ya saki, ya zauna.

Sai ƙaramar jikokina ta ce, "Kaka, mene ne? Kai ne ka yi kuka?"

Fuskata na bango, hannuwana a hammata, na ce mata ruwan ne da sanyi.

Allah ya jiƙan Malam, da Inna, da tsohuwar da ke tsallake, ya sa mu iya amsa tambaya a kan abin da aka ba mu riƙo.